Katakon Harsashi

Duk wanda ya ji ana kiran Harsashi sai ya zaci wani mai saurin tsiya ne, irin wanda yatsunsa ke gudu a kan jita ido bai iya bi. Sai an nuna masa mutumin ya ga dattijo mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar yana auna ƙasa, wanda kafin ya amsa gaisuwa ka kai bakin ƙofa. Harsashin gini ake nufi, wanda ke binne a ƙasa kowa yana takawa yana wucewa.

Shi ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar makaɗan Oga, wato jitar nan mai kauraran tsirkiya huɗu, mai muryar ƙasa, wadda ƙirji ke riga kunne jinta. Su bakwai ne, Oga shi ne mawaƙi kuma shi ne shugaba. Suna zuwa biki, taron kamfani, yaye ɗalibai, duk inda aka kira su ran Asabar ko Lahadi. Sauran kwanakin kowa yana wurin neman abincinsa. Mai ganga direban motar ɗaukar kaya ne, mai fiyano malamin makaranta, Harsashi kuwa shekara talatin da huɗu ke nan yana tura gungume cikin injin tsaga katako. Jitarsa ta farko ma da hannunsa ya ƙera ta tun yana saurayi, da guntun falanki da wayar birkin babur. Ya ce muryarta kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma a kanta ya koya.

Ba wanda ya san kiɗansa kamar mai ganga, don shekara goma sha tara yana zaune a gefensa yana kallon ƙeyarsa. A tsawon shekarun nan bai taɓa jin ya yi kuskuren da ya isa a juyo a kalle shi ba. Ba ya ƙawa, kuma ba ya neman tafi. In mai fiyano ya saki yatsu goma yana ta shawagi, shi sauti uku ko huɗu zai aje, kowanne a mazauninsa, sai ka ga tsohuwar da ta rantse ba za ta tashi ba tana neman wanda zai riƙe mata jaka. Jama'a su tafa wa Oga, su tafa wa mai fiyano. Mai ganga ya san wanda ya tashe su daga kujera.

Abu biyu ne ke ɓata wa 'yan ƙungiya rai game da shi. Na farko, ba ya kiɗa da takalmi. Ko gaban manyan mutane ne sai ya cire ya jera su a gefe. Oga ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya sayo masa baƙar safa don a rufa asiri. Ya sa sau ɗaya ya cire, ya ce santsi gare ta. Na biyu, akwatin sifikarsa. Shi ya haɗa shi da katakon da ya zaɓa a wurin aiki, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ɗaukarsa sai ƙarti huɗu. Mai fiyano ne ya raɗa wa akwatin suna Suruka, wai don ba mai taɓa ta sai ya durƙusa, kuma ba dama ka ce a bar ta a gida. In ana loda kaya a motar mai ganga sai ka ji an ce a zo a gaida Suruka, kowa ya riƙe ƙugu yana tsaki. Harsashi ba ya tankawa. Ya kama nasa gefen ya ɗaga, in an isa ya aje ta a bayansa daf da dugadugansa, ya jingina ƙafa da ita. Kowa ya ɗauka taurin kan tsufa ne, har da mai ganga.

Ana nan sai wani otal ya gayyace su wasan la'asar ran Lahadi, aka ce in sun yi kyau za a ba su kowace Lahadi har shekara. Ga mutanen da wani lokaci sukan yi wata guda ba kira, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zauren yana hawa na uku, daɓensa siminti ne an shimfiɗa masa kafet mai kauri, sifikunsa a manne jikin bango, ga mai miksa na otal ɗin, wato mai daidaita sauti, zaune can baya gaban maɓallansa. Manaja ya leƙa cikin mota ya ga Suruka, ya ce wannan ba za ta hau bene ba. Kowa zai soka wayarsa a kayan otal, a ba shi iyafis ya sa a kunne ya riƙa jin kansa. 'Yan ƙungiya har da murna, mai fiyano ya ce yau an huta da gaisuwa. Harsashi ya karɓi iyafis ɗin, ya juya shi a tafin hannu, ya sa. Mai miksa ya tambaye shi daga nesa ko yana ji, ya ɗaga masa babban yatsa. Ya cire takalmi ya tsaya kan kafet, ya ɗan matsa hagu, ya ɗan matsa dama, kamar mai neman abin da ya faɗi.

An yi waƙa uku lafiya, sai dai mai ganga ya lura mutumin da ya saba lumshe ido yau ya kafa masa ido a ƙafa, ƙafar da yake taka babbar ganga da ita. A ta huɗu wani mai raba abinci ya turo kekensa ta gaban dandamali, taya ta ja waya, wayar jitar Harsashi ta zare ta faɗi. Ba wanda ya ga faɗuwarta. Abin da aka ji kawai ƙasan kiɗan ya zube. Ga fiyano, ga ganga, ga muryar Oga, amma duk sun zama fayau ba nauyi. Masu rawa suka fara kallon juna, ɗaya bayan ɗaya suka koma kujera, ba su ma san abin da ya zaunar da su ba. Mai miksa na ta murɗe-murɗe yana neman inda sautin ya shige.

Harsashi kuwa yana ta kaɗawa. Yatsunsa na tafiya daidai, kafaɗarsa na amsawa, ko sauti ɗaya ba ya fita. Oga ya juyo ya yi masa magana, bai ɗago ba. Ya kira sunansa ta makirufo, bai ɗago ba. Har waƙar ta ƙare, minti biyar cur, yana kaɗa shiru gaban mutane ɗari biyu. Sai da mai ganga ya miƙa sanda ya taɓa shi, ya nuna masa wayar a ƙasa. Ya kalle ta, ya sunkuya ya mayar. 

Manaja ya ce zai ƙara musu Lahadi ɗaya ya gani. Oga bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya ja mai ganga gefe ya ce mai fiyano zai iya riƙe bes da hannun hagu, haka ƙungiyoyi da yawa ke yi yanzu, kuma mutum shida ba za su rasa wannan aiki saboda mutum ɗaya ba. In aka sake irin na yau, Lahadi mai zuwa ita ce ta ƙarshen Harsashi. Ya ce mai ganga ya je ya gaya masa, tunda shi ne na kusa.

Ran Litinin da rana, lokacin da aka kashe inji don cin abinci, mai ganga ya je wurin tsaga katako. Doguwar rumfar kwano ce, garin katako har idon sawu, gungumaye jibge a gefe. Ya tarar da Harsashi ya ba shi baya yana wasa haƙoran zarto da magagari. Ya tsaya taku uku a bayansa ya yi sallama, shiru. Ya ɗaga murya, shiru. Da ya matso sai ya taka wani falanki da ke kwance, wanda ɗaya bakinsa ke ƙarƙashin ƙafar Harsashi. Nan take mutumin ya juyo.

"Yaya, tun yaushe?" in ji mai ganga.

Harsashi ya kafa wa bakinsa ido. Sai a lokacin mai ganga ya tuna an daɗe haka yake kallon mutane.

"Na hagu shekara bakwai," ya ce. "Na dama yana nan, kamar rediyon maƙwabta."

Sauran ya faɗa ne yana ci gaba da wasa zarto. Injin nan ne ya cinye kunnuwan a hankali, likita ya ce ba gyara. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma don ta gaji da kiran abinci ne ta koma buga ƙafa a ƙasa. Waƙoƙin duk suna kansa, sun fi ɗari uku. In Oga ya sauya murya, hannun hagun mai fiyano yake kallo. Nasa sautin kuwa Suruka ke gaya masa, ya shiga ta dugadugai, ya bi ƙwauri ya hau har ƙugu, babbar ganga kuma ta katakon dandamali take iso masa. Jiya an ɗora shi kan kafet da siminti, an cusa masa iyafis a mataccen kunne.

Mai ganga ya nemi gungume ya zauna. Ya shiga tuno wasannin da suka yi cikin shekara bakwai ɗin nan, har da na filin makarantar nan da iska ta kwashe takardun mai fiyano kowa ya rikice, aka bi bayan bes aka fita kunya. Shi da lafiyayyun kunnuwansa biyu, ashe a jikin kurma yake jingine duk tsawon lokacin.

Ya isar da saƙon Oga. Ya zaci Harsashi zai ce a roƙar masa, ko ya kawo zancen shekarun da ya yi tare da su. Harsashi ya ce Oga ya yi gaskiya, ko shi ne haka zai yi, kuma a gaya masa komai, ɓoyon ya isa. Sannan ya tambaya ko motar na da aiki ran Laraba.

Ran Laraba suka je kantin kayan kiɗa, wani matsattsen shago mai jitoci rataye har rufi. A hanya Harsashi ya ce tsohuwar jitarsa katakonta nauyi gare shi, ga fenti mai kauri, duk abin da za ta faɗa sai ta bakin Suruka. Yanzu wadda za ta yi magana da ƙashinsa kai tsaye yake nema.

Mai kanti mutum ne mai zaƙin baki. Ya sauko da wata ja mai ƙyalli, tsirkiya biyar, har da batir a cikinta, ya jero amfanin maɓallanta ɗaya-ɗaya, ya jawo waya zai soka a sifika. Harsashi ya ce kada ya kunna. Ya zaro farin hankici ya shimfiɗa a kan jitar, can ƙarshen wuya inda ake ɗaure tsirkiya, ya sa haƙora ya kama, ya lumshe ido, ya ja tsirkiya mafi kauri da babban yatsa.

"Baba, ta sayarwa ce fa, ba ta ci ba," in ji mai kanti.

Harsashi bai ji ba, idonsa a rufe yake. Mai ganga ya ce a ƙyale shi, in ya bar shaidar haƙori shi zai ɗauka.

Da Harsashi ya saki ya ce wannan fenti ne kawai ke magana. Ta biyu ya ce ta fara da kyau amma numfashinta gajere ne. Ta uku ya bi wuyanta da yatsa, ya tsaya a wani wuri a tsakiya, ya ce nan akwai rami, duk sautin da ya zo nan faɗawa yake. Mai kanti ya ce ba zai yiwu ba, satin nan aka fito da ita daga kwali. Ya soka ta a sifika don ya ƙaryata shi, ya kaɗa wurin. Sautin ya fito ya mutu nan take, na kusa da shi kuwa ya daɗe yana amo. Mai kanti ya sake kaɗawa. Daga nan talla ta ƙare. Ya ɗauko tsani da kansa yana sauko da su ɗaya bayan ɗaya, yana miƙawa da hannu biyu. Mai ganga yana tsaye yana kallo. Shekara nawa yana shiga irin wannan kanti yana sayen abin da aka yaba masa, yau ga mutum yana sauraron itace da haƙori.

Sun gwada goma sha ɗaya. Ta ƙarshe tana bayan ƙofa, wadda wani ya kawo musaya, fentinta ya goge inda hannu ke kwanciya, maɓalli ɗaya ya ɓata, ba ta da nauyi. Mai kanti ya ce kunyar nuna ta ma yake ji. Harsashi ya kama da haƙori ya ja, ya daɗe bai saki ba. Da ya saki sai ya rage igiyar ratayawa, ya ɗaure jitar can sama har ƙahonta ya zauna a ƙashin ƙirjinsa, ya bi tsirkiyoyin huɗu daga sama har ƙasa, a hankali.

"Wannan ta bushe da kyau," ya ce. "Wanda ya sare ta bai yi gaggawa ba."

Ya ɗauki ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin wadda hannu ɗaya ke ɗauka, sannan ya tambaya ko akwai matacciyar sifika wadda takardarta ta yage. Mai kanti ya ce waɗannan ai zubarwa ake, ya tono masa biyu a kwandon shara. Da za su tafi ya rako su har mota, ya ja mai ganga gefe ya tambaya ko Baba zai yarda ya leƙo in sabbin kaya sun iso.

Yamma uku a jere, in ya taso daga aiki, Harsashi yana barandar gidansa da guduma da sukundireba. Ya yanke takardar sifikar gaba ɗaya, ya bar maganaɗisu da abin nan mai motsi a tsakiya, ya ɗaure su a cikin wani falanki mai faɗin tabarmar bakin ƙofa, ya yi masa ƙafafu da robar tsohuwar taya. In an kunna, girgiza kawai yake yi, ba ƙara. Sai da ya watsar da falanki biyu kafin ya yarda da na uku. Matarsa ta kawo wa mai ganga ruwa, ta ce shekara ashirin tana jiran ya gyara mata ƙafar tebur, ga shi cikin kwana uku ya ƙera wa kansa kunne.

Ran Lahadi suka isa da wuri don gwaji. Mai fiyano ya ga falankin ya ce barka, ashe Suruka ta sauka lafiya, ya ga jitar a ƙirji ya tambaya ko jaririn ne ake rarrashi. Harsashi ya je har wurin mai miksa ya yi masa bayani: abin da ke fita zuwa zaure shi za a turo masa cikin falanki, bes da babbar ganga. In an ɗauko daga jitarsa kai tsaye, falankin zai yi masa ƙarya ranar da waya ta sake zarewa.

Oga ya riga ya ji komai daga bakin mai ganga. Ba mugu ba ne, amma labari ba ya gamsar da shi. Mai ganga ya gan shi ya zaga baya ya yi wa mai miksa raɗa. Aka fara waƙar gwaji. Ana tsakiyarta, Harsashi ido a lumshe, mai miksa ya ja maɓalli ɗaya ƙasa. Kafin sandar mai ganga ta sauka bugu na gaba, yatsun Harsashi sun tsaya. Bai ko kalli waya ba. Ya buɗe ido ya kalli mai miksa, ya juyo ya kalli Oga.

"Oga, in gwaji ne a mayar," ya ce. "Baƙi sun kusa."

Oga ya ɗaga wa mai miksa hannu. Ya juya ya gaya wa mai fiyano ya bar hannun hagunsa ya huta.

Mai ganga ya sha yin kiɗa mai daɗi, amma irin na ranar bai taɓa zama a cikinsa ba. Tsohuwar jitar nan mai gogaggen fenti tana aje sauti kamar ana sauke buhu a hankali, ya zauna, ya cika zauren har kofuna na motsi a kan tebur. Tun waƙa ta biyu kujeru suka zama fanko. Mai raba abincin nan ya tsaya da kekensa can nesa da waya, kansa na kaɗawa. Harsashi yana tsaye kan ɗan falankinsa ba takalmi, ido a rufe, yatsun ƙafarsa sun kama bakin katako. Kafin a tashi manaja ya zo ya gaya wa Oga Lahadi tasu ce.

Da zaure ya watse ana naɗe wayoyi, rana ba ta ma faɗi ba, mai ganga ya cire takalmi ya nemi izinin hawa. Harsashi ya matsa masa, ya ja tsirkiya mai kauri sau ɗaya. Abin ya shiga ta tafin ƙafa, ya hau gwiwa, ya tsaya a mara. Ya ja ta biyu, ita ta tsaya ƙasa da nan. Kowace da inda take sauka a jiki. Oga ma ya hau da safarsa, ya daɗe a tsaye, ya sauka, ya je ya ɗauki akwatin jitar Harsashi da kansa.

"Kana gudu a amshi," Harsashi ya ce wa mai ganga yana ɗaure takalmi.

"Ni, Yaya?"

"Kai. Ƙafarka ta dama ɗokin zuwa gida take. Shekara goma sha tara ina jan ka baya."

Mai ganga ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tuntuni, ya maimaita a hankali don ya ga bakinsa.

"In na faɗa sai ka fara tunani, ka ɓata abin gaba ɗaya. Riƙe ka ya fi min sauƙi."

Kunnen dama yana ci gaba da janyewa, likita bai yi ƙarya ba. Ran Litinin Harsashi yana gaban injinsa kamar kullum, da abin toshe kunnen da mai ganga ya sayo masa, wanda ya ce an makara da shekara talatin amma ya sa. Suruka tana gida, matarsa ta shimfiɗa mata zane tana jera gogaggun kaya a kanta. Ƙafar tebur dai har yanzu. In ana loda kaya ran Lahadi, ganguna da fiyano da jitoci duk bayan mota suke tafiya, falankin kuwa mai ganga ba ya bari kowa ya taɓa. Shi ke ɗaukarsa da hannu biyu ya aje a kujerar gaba.